Abin da Kika Ƙi Faɗa wa Kaka

Zuwa ga ɗiyata Ramla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, Dakar kuma tana karɓarki. Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Mu nan Tawa sai godiya. Hatsin gonarmu ta Kalfu ya shiga rumbu, ƙafar babanki ta yi sauƙi, yayanki Alƙasum ma ya bugo daga Abijan.

Na ji kina cikin damuwa tun ranar da Kaka ta kashe miki salula a kunne, har kina tsoron ta ɗauke miki albarka. Na san yadda aka yi. Raƙiya matar Alƙasum, tun da ta haihu barci ya ƙaurace mata, ke kaɗai ta faɗa wa cikinta. Kaka ta ce ki gaya mata abin da kuka yi magana, kika ƙi, alhali a gidanmu, babba ba ya tambaya sau biyu. Ta yini tana faɗa, wai an tura ki karatun halayyar ɗan Adam, kin koyo rowar baki. Ni kuwa wallahi daɗi na ji. Tun ba a haife ki ba nake karɓar haihuwa, na san in mace ta tsinci sirrinta a tsakar gida, ba ta ƙara buɗe baki.

Amma ga shawarata. Kada ki mai da dangi majinyatanki. Mu da muka yi miki wanka ba za mu ji maganarki kamar ta likita ba. Tura Raƙiya asibiti da kika yi shi ne daidai. Ni na raka ta, na tsaya waje, yanzu har tuwo take cinyewa. In irin wannan ya yi miki nauyi, kai wa malamar da ke duba staj ɗinki, wato koyon aikin da kike yi, ba tare da suna ba. Memuwar ɗin nan kuma, kundin gama karatunki, ki riƙa taɓa shi kullum, kada ki jira ranar da za ki ji kin shirya, don na san ki da jan ƙafa.

To, jiya Kaka ta kira ni ɗaki, ta sa na rufe ƙofa, ta ce in nuna mata inda za ta danna ta same ki ba sai an taya ta ba. Wai akwai maganar da ta riƙe tun rasuwar kakanki, ta duba gidan nan kaf, bakinki kaɗai ke da marfi. Na tambaye ta wace magana, ta ce ba ruwana. In ta kira, ki saurare ta a matsayin jika.

Babanki da Raƙiya da ɗanta Almustafa suna gaishe ki. Ni kuma na yi alkawari ba zan tambaye ki ba, ko da son ji zai kashe ni.

Taki gwaggo,
Kadidiya