Lemon da Ba a Ɓarewa

Zuwa ga Malam Shugaban Islamiyyar unguwarmu ta Koki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce mahaifiyar Hafsatu ta ajin hadda. Na daɗe ina tuhumar zuciyata, ko fushi ne ke son yin magana ko gaskiya. Har yau ban wanke ta ba, amma shiru ya zama cin amana.

Na ɗaya. Tun da tashin bama-bamai ya addabi Kano kuka hana yara fita tara, kuka hana shigowa da kular abinci, wai ba a san abin da ke ciki ba. Ban ja ba, ni ma na ji ƙarar da kowa ya ji. Amma a zangon da kuka kafa dokar ne kuka buɗe shago a harabar makaranta. Babu gyaɗa, babu aya, babu dabino, sai biskit da alawa da ruwa mai kala a leda.

Na biyu. Kullum na tambayi Hafsatu abin da ta saya, sai ta ce lemo. Ni lemon da na sani ɓare shi ake yi, har albarka nake sa mata. Ba ƙarya ta yi ba, hoton lemo ne a jikin ledar. Sai da aka cire mata haƙoran gaba biyu, na girma waɗanda ba sa sake tsirowa, likita ya juya ledar ya karanta mini: ruwa, sukari, kala. Ko ɗigon lemo babu.

Na uku. Kun koya wa yara su gane jakar da aka yasar, su guje ta. Madalla. To yaron da ya iya bambance gunna da ƙalƙala a tajwidi, zai gagara gano kalmar sukari a bayan leda, da an nuna masa?

Makon jiya malaminta ya cire ta daga musabaƙa, a gaban 'yan aji, wai harafinta ba ya fita. Da me zai fita, Malam?

Ba diyya nake nema ba. Ku sa malami ya riƙa ɗaga ledar nan a aji yana karanta bayanta tare da yara. Ku bar su su shigo da abincin gida, a duba a ƙofa. Hafsatu kuwa ku mayar da sunanta, alƙalai su kayar da ita in ta cancanci faɗuwa. Kada ku da kuka sayar mata ku yanke hukuncin.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sauƙaƙa mana hisabin 'ya'yan da aka ba mu kiwo.

Wassalam.
Mahaifiyar Hafsatu, Koki.