Motar Soja Ba Ta Jawuwa da Sarƙa

Karaye, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Munawwara da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida, gyaɗar Falgore kuma ta yi kyau bana. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk lokacin da na ɗauko maganar nan a waya sai ka ce in bi abin da Baffa ya ce, ka kashe.

Maganar tsohuwar motar sojan da ka saya a gwanjo ce, wadda za ta riƙa ɗauko mana amfanin gona. Na je Kano na gan ta. Mota ce ta gaske, Yaya, tayarta ta kai min ƙirji, amma injinta ba ya tashi. Birkinta da iska yake aiki, iskar kuma inji ke tara ta. Da rashin iskar ya sa birkin ya kame, ta ƙi motsi, sai Ɗantala direba ya sa aka sassauta birkin gaba ɗaya. Yanzu ba abin da zai tsayar da ita, sitiyarinta kuma sai ƙato ya tashi tsaye yake juyuwa. Na ce a ɗora ta a kan tirela mai shimfiɗaɗɗen baya, a sa wa tayoyin waigi, a ɗaure ta ta kowace kusurwa. In ba haka ba, a samo motar janwe mai sandar ƙarfe, a cire furofela, wato ƙarfen da ke juya tayoyin, a haɗa mata iska, a tafi a hankali.

Baffa ya ƙi. Ya ce sabuwar motar gida ba ta shiga gari a kwance kamar gawa, mutanen Kwanyawa za su ce ɗansa gwangwani ya sayo. So yake tifar Ɗantala ta jawo ta da sarƙa ranar kasuwa, samarin gida su cika bayanta suna kabbara, kamar yadda aka rako taraktar Alhaji Maikuɗi. Na nuna masa cewa taraktar da ƙafarta ta shigo. Ya ce boko ya sa min tsoro.

An gwada a filin gwanjon a gabana. Ɗantala ya ja ta kaɗan ya taka birki, ita kuwa ta ci gaba da tafiya har ta daki bayan tifar, fitila ta tarwatse. Baffa ya yi dariya ya ce ai gaisawa suka yi. A fili ke nan, Yaya, ba gangara. Ka tuna gangaren nan na kafin gada, inda masu babur ke cika ranar kasuwa.

Abin da ya fi ci min rai, ɗanka Sabi'u Baffa ya zaɓa ya riƙe sitiyarin, shi kuma har ya kai ɗinkin sabuwar riga. Ni na koya masa a aji abin da nauyi ke yi in ya sami gangara, ya kuma ci jarrabawar. Da na tuna masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya ce wa kakansa a'a ba. Gaskiyarsa. Kai ne za ka iya, domin motarka ce.

Don Allah ka kira Baffa kafin ranar kasuwa. In kunyar shiga gari ce, a sauke ta a garejin bakin gari, a gyara, ta shigo da ƙafarta, ni zan fara kabbarar. In kuma ka yi shiru, na riga na gaya wa Baffa ba yaron da zai hau, Sabi'u ma ba zai zauna a kujerar nan ba. Ni zan zauna. Ka san kuma ko babur ban iya sosai ba.

Inna na gaishe ka, Zuwaira da Adawiyya suna gaida Anti. Ka shafa min kan Hanif.

Ƙaninka mai jiran kiranka,
Abdulmutalib