Sun rera Anti Memuna babu tari

Asabar da dare, Beltsville

Na dawo daga wasan opera, irin wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, na karrama marigayiya Anti Memuna, maƙwabciyata da ta ƙare rayuwarta tana faɗa da kamfanin ƙona sharar nan na bayan unguwarmu. Mawaƙiyar da ta fito a matsayinta ta ja murya har na ƙosa ta numfasa. Anti kuwa ko sallama ba ta ƙarasawa sai tari ya sarƙe ta.

Da aka zo wurin rasuwarta na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, sai kowa ya miƙe yana tafi. 'Yata ta zungure ni: "Mama, tashi mana, ana kallonki." Ban tashi ba.

Bari in rufe tagogi, warin ya fara shigowa.