Ƙafar Baba Da Bututun Kamfani

Zuwa ga ɗana, wanda mutane suke kira Injiniya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin rana da rashin ruwa. Tela maƙwabcinmu ne yake rubuta mini wannan, na kuma gaya masa ya rubuta yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya.

Direban da ka aiko ya kawo kwalin. Takalmi ne mai kyau, baƙi wuluk, har da ƙamshin shago. Allah ya yi albarka. Na ba Tela ya gwada, ya yi masa daidai, yanzu haka da shi yake taka keken ɗinkinsa. Kada ka sake aiko wani.

Tun da ka yi kamar ba ka san dalili ba, bari in maimaita maka. Shekara talatin da ɗaya na yi wa kamfanin ruwa aiki. Ni na haƙa, ni na shimfiɗa bututu, ni na bi layi ina neman inda yake yoyo. Ranar da aka sallame ni, na je sito in mayar da diga da shebur. Mai kula da sito, wanda ina aiki a wurin aka haife shi, ya duba takarda ya ce, "Baba, saura takalmi." Na ce, "Wane takalmi?" Ya ce, "Na ƙafarka mana. Kayan kamfani ne." Takalmin da dunduniyarsa ta cinye, sau uku ina kai shi gyara da kaina! Na zauna a benci na kwance igiya, na ɗora masa su a kan tebur, a kan takardar tasa. Safar na sa a aljihu, don ita tawa ce. Na fito ta babbar ƙofa, tsakuwa tana sukata, kwalta tana gasa ni, har gida. Yau wata goma sha ɗaya ke nan, ban sake sa komai a ƙafata ba.

Kuma ban yi asara ba. Sati uku na farko na sha wuya, ban ɓoye maka ba. Amma yanzu yatsuna sun buɗe, kowanne ya samu wurin zamansa. Ciwon gwiwar nan da nake ta fama da shi ya yi sauƙi. Idona a rufe zan gaya maka a ƙofar gidan wa nake, don kowane gida da irin ƙasarsa. Mai facin bakin titi yana yi mini tsiya, wai ranar da na yi faci in zo ya liƙe ni kyauta. Na ce masa tayata ta fi duk wadda ya taɓa riƙewa ƙwari. Innarka ta ajiye mini roba da ruwa a bakin ƙofa, sai na wanke kafin in taka mata tabarma. Wannan dokar na yarda da ita.

Kai kuma a kamfanin nan kake, a babban ofis, da teburinka da fankarka. Ka ji abin da aka yi wa ubanka, ba ka ce komai ba. Sai takalmi a kwali.

Af, sati shida ke nan famfon layinmu bai ɗiga ba. Mutanenku sun haƙa rami biyu sun tafi. Ka gaida yara.

Ni ne mahaifinka.

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna. Na samu wasiƙarka, an gode. A gaida Tela, Allah ya sa ya more takalmin.

Baba, ban aika don in ɓata maka rai ba. Inna ce ta gaya mini ka taka kwalba kwanan baya, kuma mutane suna ta magana, wai ɗansa yana babban ofis, shi yana yawo ƙafa ƙasa. Abin yana damuna.

Amma yau wata bukata ce ta sa na rubuto. Layinku a ƙarƙashin ofishina yake. Ramukan yanzu sun zama uku, ba mu ga yoyon ba. Ruwa yana shiga bututun daga sama, ba ya isowa ƙasa, na'urarmu kuma ba ta jin komai. An ba ni zuwa ƙarshen watan nan. In ban samo shi ba za a karɓe aikin daga hannuna, a mayar da ni ɗakin ajiyar takardu.

Taswira ta nuna bututun ya miƙe sambal a gefen hagu na titi. An ce da kai aka shimfiɗa shi. Don Allah ka je ka duba wa ma'aikatanmu. Zan sa a ba ka takalmin aiki sabo a wurin, saboda doka ba ta bari a shiga ba tare da shi ba.

Ka huta lafiya. Ɗanka mai biyayya.

*

Zuwa ga Injiniya,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso, Tela ya karanta mini sau biyu. Ashe an tuna da tsohon lebura. Madalla.

Kwalbar da Innarka ta kai maka rahoto, ɗan tsinke ne, da farce na cire shi. Masu maganar kuma, ka tambaye su ko sun taɓa tambayata yadda na kwana sa'ad da nake da takalmi.

To, na san inda ruwan yake. Na sani tun kafin ku haƙa ramin farko. Kullum da tsakar rana, lokacin da ƙasa ta ɗau zafi har akuya ba ta son takawa, akwai wani wuri, faɗinsa bai fi tabarmar sallah ba, da in na taka sai in ji sanyi ya ratsa tafin ƙafata. In na tsaya shiru na daina numfashi kaɗan, ina jin ƙasar tana rawa a hankali kamar cikin kyanwa mai barci. Ido ba ya ganin komai, ƙasa a bushe take ƙayau. Shekara talatin da ɗaya ina neman yoyo da sandar ƙarfe a kunne, ashe kayan aikin gaske suna ɗaure cikin takalmin kamfani.

Kada ka ce ban je ba. Tun kafin ka roƙe ni na je, don tausayin matan da suke dakon ruwa daga layi na uku. Na tarar sun kewaye raminsu da igiya mai ja da fari. Ina ɗaga igiyar, shugaban leburorin, wani dogo mai hular kwano, ya daka mini tsawa. "Kai tsoho, ina za ka? Ba a shiga nan ba takalmi!" Na ce, "Ɗana, ba nan ruwan yake ba." Ya ce, "To, Baba boka, sai ka duba mana a ƙasa." Suka fashe da dariya, har wanda yake cikin rami. Wani ya ce in sadaka nake nema in dawo ranar albashi. Na saki igiyarsu na koma gida. Jiya na ga sun fara rami na huɗu. Allah ya ba su ƙarfin baya.

Ga maganata, ba ragi. Ba zan sa takalmin kamfani ba, sabo ne ko tsoho, ko da na zinariya ne. Ba kuma zan nuna wa mai hular kwano komai ba. Kai nake so ka zo da kanka. Rabonka da gidan nan tun kafin a sallame ni.

Tela ya ce in sassauta, wai aikinka ne yake cikin haɗari. Na ce masa aikinsa rubutu, ba shawara ba.

Mahaifinka.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Abin da suka yi maka ya ƙona mini rai, na kuma kira shugaban leburorin na gaya masa ko kai wane ne.

Amma dokar igiya ba zan karya ta ba, ko don kai. Bara wani lebura ya shiga da silifa, diga ta sare masa yatsu biyu. Ni na kai shi asibiti a motata, ni na gaya wa matarsa. Tun ranar na sa hannu a kan dokar, ba zan janye ba.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Ka ce na yi shiru a kan takalminka. Ban yi shiru ba, Baba. Sau huɗu na rubuta takarda, har wani babba ya daina amsa gaisuwata. Wata biyar da suka wuce aka soke dokar karɓe takalmin. Yanzu duk wanda aka sallama da takalminsa yake tafiya gida. Kunya ce ta hana ni faɗa, don naka ba su dawo ba, an riga an zubar.

Zan zo ranar Alhamis da safe. Yadda za mu yi da igiyar, ban sani ba tukuna.

Ɗanka.

*

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa. Da Tela ya kai wurin takardu huɗun nan, na ce ya dakata, na fita na ɗan zagaya. Me ya sa ba ka faɗa ba? Taurin kai! Innarka ta ce ta san inda ka gado shi.

Maganar igiya, ka kwantar da hankalinka. Ka riƙe dokarka, tana da kyau, wanda yake kusa da diga ya rufe ƙafarsa. Ni ba na bukatar shiga igiyarku. Ruwan ba ya cikin igiyarku.

Tun da ka faɗi naka, bari in faɗi nawa. Taswirarku ƙarya take yi, kuma da hannuna a ciki. Lokacin da muke shimfiɗa bututun nan, kana rarrafe, akwai wata ƙatuwar bishiyar mangwaro a kan hanya, a gefen hagu. Ofis ya ce a sare. Mu kuwa a inuwarta muke cin abincin rana, mu shida. Babu wanda ya iya ɗaga mata gatari. Sai muka karkatar da bututun, muka tsallake titi zuwa dama, muka zagaye ta, muka dawo da shi can gaba. Kwana biyu muka ƙara, muka ce ƙasa ce ta yi tauri. Mai zanen ofis bai taɓa zuwa ba, ya ja layinsa a miƙe da rula. Bayan shekara goma wani ya sayi filin ya sare bishiyar. Cikin mu shida ni kaɗai na rage.

Mahaɗar da ke kwanar, ni na ɗaure ta da hannuna, ita ce ta saki. Ka rubuta wannan a takardarka in kana so, ban ji tsoro ba. Amma ka rubuta har da shekarun da ta yi tana riƙe da ruwan unguwa guda ba ta yi tari ba.

Wurin yana gaban shagon mai aski. Ba zan ce taku nawa ba. Kada ka zo da safe, ka zo da tsakar rana. Zan tsaya maka a kai, amma ba za ka sa a haƙa rami na biyar a kan maganar tsoho ba. Sai ka ji da kanka.

Mahaifinka.

*

Zuwa ga Baba,

Na iso gida lafiya. An gyara taswirar, aikin kuma yana hannuna. Tafin ƙafata ya yi ƙuna biyu, mai ɗakina tana ta yi mini dariya. Har yanzu ina jin rawar ƙasar nan in na tuna.

Baba, akwai tsofaffin layuka goma sha ɗaya da muke zargin taswirarsu. Na nemi izini ka bi su tare da ni, kana wajen igiya, yadda kake. An amince. Me ka ce?

Ɗanka.

*

Ɗana,

Gaisuwa. Ruwa ya zo ranar Juma'a, Innarka ta cika har tukwanen da ba ta amfani da su. Mai hular kwano ya zo har ƙofar gida ya durƙusa. Na bar shi ya ɗan jima a ƙasa kafin na ce ya tashi.

Mai aski har yau yana ba da labari, wai ya ga injiniya ya tuɓe takalmi a tsakiyar titi yana tsalle kamar kaza a kan kwano mai zafi, har ya faɗa kan wurin ya tsaya cak, baki buɗe. Ni ba fuskarka nake kallo ba. Ƙafarka nake kallo. Yatsanka na biyu ya fi babban tsawo, irin nawa sak. Rabon da in ga ƙafar nan tun kana firamare.

Layukan nan, ba goma sha ɗaya ba ne, goma sha uku ne. Ka zo ranar Talata da tsakar rana. Ka shafa wa ƙunar mai.

Babanka.