Irin shuka yana rumbun Zuliha

Hajiya Indo, ki taimake ni, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni kuwa ba ni da ko ƙwayar iri.

Ni manomi ne a Dakusa, magidanci, sahun gaba nake tsayawa a masallaci. Shekara goma sha biyu ke nan da na yanka wa matata Zuliha gamana, wato 'yar gona tata, a gefen gandu, ta riƙa noma abinta. Wani fako ne da ko jaki ba ya kwanciya a kai. Ta yi ta jido takin awakinta a ka har ƙasar ta yi baƙi. Da fari ya shigo, na ga nan kaɗai ke riƙe laima, sai na mai da wurin cikin gandu. Ai ƙasar ubana ce. Ta bar mini wurin, na ɗauka ladabi ne.

To, bara ma ruwa ya ƙi. Geron gandu mun cinye. Irin kuwa na kai Zinder na sayar na sayi rediyo, don ya kamata magidanci ya san ranar rabon taimako. Yanzu duk unguwarmu ba mai iri sai Zuliha, a ɗan rumbunta da na saba yi wa dariya, inda ta tara gero tun kafin in karɓe gamanar. Tun sanyi daga ciki muke ci. Wai ba za ta ba ni iri ba sai mun je gaban mai gari da shaidu, an rubuta gamanar da sunanta. Mace da takardar gona, Hajiya! Wallahi raina ya ɓaci. Na je wurin liman ya ce geronta nata ne, ina jin bai fahimci tambayar ba. In na fasa rumbun ranar da ta tafi kasuwa, laifi ne? Kada ki sa sunana.

Magidanci daga Dakusa

Malam Magidanci, liman ya fahimce ka sarai. Fasa rumbun wani sata ne, ko da mai rumbun ce ke tuƙa maka tuwo.

Kana da gaskiya, ƙasar gado ce, kuma 'yan'uwanka za su yi surutu. Na san ba'ar dandali da ciwo. Amma fako ka bayar, gona ka ƙwace, kuma wuyanta ne ya ɗauki bambancin. Wadda aka ƙwace wa sau ɗaya ba ta yi rashin kunya ba don ta nemi shaidu.

Ka je gaban mai gari gobe, da ƙafarka. A rubuta gonar tata ce muddin ranta, bayanta ta 'ya'yanku, ka ga ƙasa ba ta bar gida ba. Kada ka ja lokaci, ruwan shuka kwana uku yake jira. Ka kuma tuna, a shekara irin wannan mace mai gero ba ta rasa wurin zuwa. Kai ne ba ka da shi.

Allah ya ba ku damina mai albarka, kowa a gonarsa.

Hajiya Indo