Shekara Takwas Ba Sukari

Misfala, Makka
9 ga Rajab

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya Alhaji, ya yara da jikoki da mutanen Kano duka? Mu nan alhamdu lillahi, sai cunkoson masu umara, ko kanti za ka sai ka yi ta raɓe-raɓe.

Saƙonki ya iso ta hannun Alhaji Rabe, ƙulli biyu na garin ganyen ciwon sukarin ɗanki Mukhtaru, da kuka da daddawa. Allah ya bar zumunci. Ki yi haƙuri da rubutuna, da yatsa ɗaya nake danna wayar, yadda magana ta zo bakina haka nake sa ta.

Kin tambayi 'yarki Manar. Tana nan, amma ta rame. Kin san ita likitar ƙwaƙwalwa ce. To wata takarda ce ta yi wata shida tana rubutawa, tana neman gwamnati ta ba da kuɗi a riƙa koyar da ƙananan likitoci wannan fannin a asibitocin ƙananan garuruwa. Wai yanzu duk a manyan birane ake koya musu, shekara huɗu, kafin su gama sun yi aure sun kama gida sun sa yara makaranta, wa zai koma ƙauye? Gurbin mutum takwas ta nema. Lajna, ya'ani kwamitin da ke duba irin wannan, suka dawo mata da ita. Ba su yi mata wulaƙanci ba. Cewa suka yi sun duba littattafan asibitocin nan ba su ga masu ciwon da yawa ba, ta kawo shaida kafin ƙarshen Shawwal.

Muna cin abincin rana take faɗa mini. Ta ce Ummi, ta yaya za a gan su a littafi, kowa in nasa ya kamu sai ya ce ciwon kai ne, ya sa shi a mota ya gudu da shi inda ba a san su ba. Tana maganar tana kallon farantinta. Ni kuwa na miƙe na shiga wanke tukunyar da na riga na wanke.

Ki sa ta a addu'a. A gaida Alhaji.

Ƙanwarki,
Fatsuma

2 ga Sha'aban

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata sanyi ya yi muku sauƙi, ƙafa kuma ta lafa. Sau uku ina fara wannan ina gogewa. Yau dai zan aika kafin zuciyata ta juya.

Yaya, Mukhtaru ba shi da ciwon sukari. Bai taɓa yi ba.

Kin tuna lokacin da yake aiki a ɗakin sanyin kifi a garin nan na bakin teku, awa uku da rabi kudu da mu? Shekara takwas ke nan. Matarsa Asma ta kira ni tana kuka, wai ya daina barci, ya cire layin wayarsa ya jefa a teku, ya ce mutanen masallaci da shi suke magana. Na shiga mota na tafi. Muka kai shi asibitin garin. Likita ɗaya ne, yaro mai ladabi, shi ke duba mai ciki, shi ke duba wanda kunama ta harba. Ya tambaye ni me ke damunsa. Na waiga na ga matan unguwarsu biyu a kan benci. Na ce ciwon kai ne, rana ta buge shi. Ina tsaye ya rubuta. Da ya so ya ƙara tambaya na ce mota na jiranmu.

Daga nan Jidda muka wuce, wajen likitan kuɗi, inda ba mai saninmu. Manar tana aji uku a makarantar likita lokacin, ita ta zauna da shi a bayan mota tana riƙe da hannunsa har muka isa. Ban taɓa tambayarta me ya sa ta zaɓi wannan fannin ba, don na sani.

Allah ya taimaka magani ya karɓe shi. Amma duk wata sai an je Jidda, aikin ya gagara, ya dawo Makka. Mutane suka ga yana shan ƙwaya kullum, ya yi jiki, sai na ce sukari ne. Na faɗa wa maƙwabta, na faɗa miki. Ke kuma Allah ya saka miki, ba mai zuwa umara da ba ki ba shi ƙulli ba.

To asibitin nan yana cikin waɗanda Manar ta nema wa gurbi. Littafin da aka duba ba a ga kowa ba, ɗana yana cikinsa, da ƙaryar da na faɗa da bakina. Yanzu wasiƙu take tarawa daga iyalai, da suna da sa hannun mai ciwon kansa. Uku kacal ta samu. Ni ba ta tambaye ni ba, kuma rashin tambayar ya fi ci mini rai.

Ta ce lajna kaɗai za su gani. Amma kin san Misfala, in ka yi atishawa a hawa na huɗu na ƙasa ne zai ce maka yarhamukallah. Mukhtaru yana da shagonsa a Aziziyya, yana sayar da harami da silifa, ana ganin girmansa. Ga 'yarsa Suhaila ta shiga sha uku, kin san mutanenmu, gobe a ce abin a jini yake. Abin da nake tsoro ke nan.

Ki yafe mini. In kin yi fushi kin yi daidai.

Taki,
Fatsuma

12 ga Shawwal

Yaya Hajara,

Barka da sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Ya kowa da kowa? Na ga alamar kin karanta waccan, ba ki ce komai ba. Ba zan matsa miki ba. Zan dai ba ki labari.

Duk azumi ina juya abin. Bayan sallah da kwana uku na ɗauko gwangwanin halawa da nake tara katunan ganin likitansa na Jidda, ban taɓa yar da ko ɗaya ba, na hau bas zuwa Aziziyya da hantsi. Na tarar yana jera silifa. Na ajiye gwangwanin a kan tebur, na yi ta kame-kame, har dai na ce masa ga abin da ƙanwarsa ke nema, amma in bai so, kalas, shi ke nan, ba wanda zai ji.

Yaya, dariya ya yi, har ya zauna a kan kwali. Ya ce ya Ummi, shekara takwas ina shan shayi salam a gaban mutane saboda ke. Wai duk bikin da ya je, in an zo da kayan zaƙi irin su basbusa sai a tsallake shi, a ce miskin, ban da Mukhtaru. Wai ranar sunan ɗan Rakan abokinsa sai da ya shiga bayan mota ya ci kunafa mai ɗigar sukari kamar ɓarawo. Ni ma na yi dariya, sai kuma hawaye. Da ya nutsu ya ce ciwon bai gajiyar da shi ba kamar ɓoyon. Ya ce ranar da na ce ciwon kai ne yana ji, yana so ya gaya wa likitan abin da yake ji a kunnensa, ya ga fuskata ya yi shiru. Wannan ban sani ba sai ranar. Ni a zatona rufa masa asiri nake.

Ya ce zai sa hannu, amma sai Asma ta yarda, kuma Suhaila shi zai gaya mata da kansa kafin ta ji a bakin wani. Sannan ya ƙwala wa mai shayi kira, ya ce cokali uku.

Asma ta yarda. Manar da ta ga takardar da katunan, ta sumbaci kaina ta daɗe ba ta ɗago ba.

Sai kuma na yi wani abu da ban shirya ba. Mun taru gidan Asiya, mu matan da muke girkin alhazai a Arfa, ana rabon aikin bana. Aka tambayi sukarin Mukhtaru, na faɗi gaskiya. Uwar Maha ta jawo mayafinta ta matsa, har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ta hana jikarta zuwa wajen Suhaila. Suhaila ta yi kuka, wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma da zan tafi Asiya ta rako ni har bakin titi, ta riƙe hannuna ta ce ƙaninta da suke cewa yana aiki a Riyad, yana ɗaki a ƙauye shekara biyar da irin wannan ciwon. Cikin sati mata huɗu suka nemi lambar Manar.

Allah dai ya sa mu dace.

Fatsuma

6 ga Muharram

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum, barka da sabuwar shekara. Ya gida, ya ƙafa, ya Alhaji? Mun gama aikin Arfa lafiya, bayana dai ya san an yi.

Amsa ta fito. Ba takwas suka ba da ba, uku. Manar ta ɓata rai, na ce mata ke, da babu fa. Ɗaya daga ciki a asibitin garin nan na bakin teku ne, za ta riƙa zuwa sau biyu a sati tana koyarwa. Mukhtaru ya ce ranar farko shi zai kai ta, yana so a buɗe fayil ɗinsa a gyara abin da na sa aka rubuta. Na ce zan bi su. Ni na faɗa, gara ina tsaye a goge.

Kwalinki ya iso ta hannun hajiyar nan 'yar unguwarku. Na zazzage shi ina neman takarda, babu. Alkaki, nakiya, da kwalbar zuma, an rubuta Mukhtaru a jikin murfin da rubutunki. Na gane, Yaya. Na zauna a ƙasa na yi kukana. Shi kuwa shago ya tafi da su, ya ajiye a kan tebur yana ci yana miƙa wa masu wucewa.

Saura abu ɗaya. Garin ganyen nan na shekara takwas ban zubar ba, Baba Tsoho na hawan ƙasa nake ba, shi nasa sukarin na gaske ne. Jiya ya tare ni a matakala yana tambaya ko baƙin Kano ba su zo da komai ba. Don Allah in an samu mai zuwa, ki aiko. Wannan karon ki rubuta sunansa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Fatsuma