Ka Dubi Masu Hannun Hagu, Yaya

Zuwa ga Yayana Auwalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can inda kake karatu. Inna tana gaishe ka. Mutanen Rurum duk lafiya, an yanke dawa har an kai gida.

Ka san idan ka kira waya ba na iya ce maka komai sai lafiya lau, in miƙa wa Inna. Shi ya sa na rubuta. Inna ta ce jami'arku ce ta tura ka kwas ka ƙaro sanin yadda ake koyarwa, idan ka dawo ka riƙa horar da masu son zama malamai. To, wani mai irin aikinka ya zo makarantarmu, kuma tun ranar abin ya tsaya mini a rai.

A wannan zangon an turo mana ɗaliban jami'a su koyi aikin koyarwa. Biyu ne suke shiga ajinmu na aji ɗaya a ƙaramar sakandare: Malam Nasiru mai Turanci da Malama Zulai mai lissafi. Aka ce malaminsu zai zo daga Kano ya zauna a bayan aji ya ba su maki.

Saura kwana uku ya zo, Malam Nasiru ya daina koyar da mu. Darasi ɗaya muka yi ta maimaitawa. Ya ba mutum biyar amsoshi suka haddace. Sannan ya ce duk tambayar da ya yi kowa ya ɗaga hannu, wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, shi kuma dama kaɗai zai kira.

Ranar Alhamis baƙon ya iso. Dakta suke ce masa. Aka goge masa kujera, aka ajiye masa ruwan sanyi. Sau shida Malam Nasiru ya yi tambaya, sau shida na ɗaga hagu, ban san ko kalma ɗaya ba. Da na waiga, aji duk hannaye a sama, Dakta yana latsa waya yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce ya daɗe bai ga aji mai ƙwazo irin namu ba. Yaya, ji na yi kamar na taka kashin kaji ba takalmi.

Malama Zulai ba ta shirya mu ba. Ta shigo da damin karan dawa kamar yadda ta saba, ta raba mu biyar-biyar, ta ce mu karya kara ɗaya gida uku, ɗaya kuma gida huɗu. Aji ya cika da surutu da ɓawon kara. Sai ta kira sunana, ta ce in faɗa mata wanda ya fi girma tsakanin ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu.

Tun ina firamare nake ɗauka ɗaya bisa huɗu ne, tunda huɗu ta fi uku. Amma ga gutsattsarin biyu a hannuna, ina gani da idona ba haka ba ne. Na yi ta gwada tsawonsu. Malama ta hana kowa amsawa, ta tsaya tana jirana.

Ka tuna lokacin da kake koya mini baƙaƙe da gawayi a jikin rumbu? Idan na yi shiru sai ka ce, "Ba mota muke jira ba, yi a hankali." Irin jiran nan ta yi mini.

Dakta kuwa mota yake jira. Ya duba agogo, ya miƙe, ya ce mata a gabanmu ta ɓata minti biyu a kan yarinya ɗaya, ta mayar da aji turken awaki, kuma ta cika yin Hausa a darasi. Bai tambayi ko ɗaya daga cikinmu abin da ya gane ba. Yana bakin ƙofa na ce ɗaya bisa uku. Malama ce kaɗai ta ji.

An ce bai ba ta makin tsallakewa ba. Zai sake dawowa Alhamis mai zuwa, idan bai gamsu ba sai ta maimaita shekara. Ga shi tana da goyo, kullum a kan babur take zuwa daga Rano da yaron a baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jiya Litinin. Malama ta shigo babu kara. Ta cika allo da rubutu, ta zaɓi mutum biyar ta ba su amsoshi. Sannan ta ce ranar Alhamis kowa ya ɗaga hannu, ai mun riga mun san yadda ake yi. Da take faɗa ba ta kalli inda nake ba.

Ban ga laifinta ba. Ta zo mana da hanyarta mai kyau, malaminta ya yi tafiya tun daga Kano ya koya mata ta Malam Nasiru. In dai wannan ne aikin manyan malamai, me ya sa ake kai su nesa su ƙaro karatu? Shi ma fa na ji an ce ya je irin kwas ɗinka.

Ba na cikin biyar ɗin da aka zaɓa. Amma gutsattsarin karan nan biyu suna cikin jakata, kullum idan na dawo sai na karya wasu a bayan rumbu. Yanzu na san ɗaya bisa biyar da ɗaya bisa shida ma. Ranar Alhamis dama zan ɗaga, ko an kira ni ko ba a kira ni ba, don kada Malama ta ɗauka minti biyunta sun tafi a banza. Ina jin tsoro, amma zan ɗaga.

Yaya, ba tsaraba nake roƙonka ba. Wata rana kai ma za a goge maka kujera a bayan wani aji. Don Allah ka sa wayarka a aljihu. Idan hannaye suka tashi gaba ɗaya, ka nemi yarinyar da ta ɗaga hagu tana kallon ƙasa, ka matsa kusa da ita ka tambaye ta a hankali, sannan ka jira ta kamar yadda kake jirana.

Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya tsare ka daga zama irin wanda na gani. Allah ya fitar da Malama Zulai ranar Alhamis, ya sa idan ta samu ajinta na kanta ta koma ɗauko kara. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka ta jikin rumbu,
Safiya